Takardar Awon Jini: Inji Ya Ƙirga, Amma Wa Ya Duba?

Na yi niyyar ci gaba da batun da muka faro makon jiya, sai wani al'amari da ya faru a zuri'armu a Babura ya sha gabana, na ga bai kamata in bar shi ya wuce ba tare da mun ɗauki darasinsa ba.

'Yar yayana ce take da ciki wata takwas. A wurin awo aka ga jaririn ya kwanta a gicciye, aka ce mai yiwuwa sai an yi mata aiki, don haka a je a yi cikakken awon jini tun da wuri. Mijinta ya kai ta wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, aka ɗebi jini, bayan awa guda inji ya fitar da takarda. Duk layukan takardar lafiya lau, in ban da guda ɗaya da aka rubuta PLT, a gabansa lamba 31, ga kuma tauraro a gefe. Wani matashi a gidan ya duba wayarsa, ya ce lambar bai kamata ta gaza 150 ba, kuma abin da ya gani a intanet shi ne sankarar jini. Daren nan babu wanda ya runtsa. Gari na wayewa mijin ya kaɗa tumaki biyu kasuwa, aka ɗauki shatar mota, aka bi hanyar Kunya zuwa Kano.

A can wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji ya karɓi takardar, ya dubi yarinyar ya ce, "Baiwar Allah, kina yin haɓo? Dasashinki yana jini in kin yi asuwaki? Kin ga wasu ɗigo-ɗigo ja a ƙafafunki?" Ta ce, "A'a Baba, ko ɗaya." Ya ce, "To, bari mu gani da idonmu." Ya ɗiga jininta a kan gilashi, ya shimfiɗa shi, ya rina, ya sa a madubin likita. Bai yi minti biyar ba ya ɗago kai ya ce ƙwayoyin suna nan birjik, sun dai cure ne wuri guda kamar gayan fura, injin ya kasa ƙirga su. Aka sake ɗibar jinin a wata kwalba mai shuɗin murfi, lambar ta fito 190 da 'yan kai. Yau tana gida da ɗanta a hannu, alhamdu lillahi. Tumaki dai sun tafi, kuɗin mota ya tafi, fargabar da aka sha kuwa Allah kaɗai Ya san iyakarta.

Tun daga ranar nake ta bincike da tambayar masana, kuma abin da na tattara shi ne zan baje a nan.

Su wane ne waɗannan ƙwayoyi?

Jinin baligi ya kai kimanin lita 5, kuma ƙwayoyi iri uku ne ke yawo a cikin ruwansa. Akwai jajaye masu ɗaukar iskar numfashi, waɗanda ƙarancinsu shi muke kira ƙarancin jini. Akwai farare, sojojin jiki. Na ukun su ne likitoci ke ce wa filetilet, ni kuwa a nan zan kira su ƙwayoyin tsai da jini, domin aikinsu ke nan. Duk lokacin da jijiya ta huje, su ne ke fara isa wurin, su manne da bakin raunin, su kira 'yan'uwansu, su haɗu su toshe kafar, sannan wasu sinadarai da hanta ke samarwa su zo su saƙa zare a kansu har gudan jini ya yi ƙarfi.

Ƙanana ne ƙwarai. Faɗin kowace bai wuce maikiromita 2 zuwa 3 ba, alhali jar ƙwaya tana kai 7 zuwa 8. Amma Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. A cikin maikirolita guda na jinin mai lafiya, wato ɗigon jini in an raba shi kashi 50 aka ɗauki ɗaya, ana samun 150,000 zuwa 450,000. Wannan shi ne 150 zuwa 450 ɗin da ake gani a takarda, sifili uku ne ake yankewa. A ɓargo ake ƙera su, inda wata ƙatuwar uwar ƙwaya ke tsinkewa ta ba da fiye da dubu. Kwana 7 zuwa 10 kawai suke rayuwa, shi ya sa jiki ke fitar da sababbi kusan biliyan 100 a kowace rana. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu a saifa yake ajiye, don haka wanda saifarsa ta kumbura lambarsa kan sauka.

An daɗe ana ganinsu a madubi ana zaton ƙura ce ko ɓaraguzan wasu ƙwayoyi, sai a shekarar 1882 wani masani ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, ya nuna cewa halitta ce mai zaman kanta, ya kuma kalli yadda suke taruwa a jijiyar da aka ji wa rauni. A 1906 James Homer Wright na Amurka ya gano cewa daga ɓargo suke fitowa.

Hanya ta farko: ido da madubi

Abin da dattijon nan ya yi shi ne mafi tsufa cikin hanyoyin, kuma har gobe ba a sami abin da ya kore shi ba. Ana ɗiga jini a gefen gilashi, a ja shi da wani gilashin har ya shimfiɗu siriri, a bar shi ya bushe, a zuba masa rini. Rinin da aka fi amfani da shi a asibitocinmu shi ne na Leishman, wanda wani likitan sojan Birtaniya, William Leishman, ya haɗa a 1901, sai na Giemsa da ake neman ƙwayar maleriya da shi. In an ninka girman gani sau 1,000, ƙwayoyin tsai da jini kan bayyana a tsakanin jajayen ƙwayoyi, shuɗi-shuɗi da 'yan tsaba masu launin shunayya a tsakiya. A jinin mai lafiya ana ganin kamar 8 zuwa 20 a kowane da'irar gani. Ma'aikaci zai ƙirga da'ira 10, ya fitar da tsaka-tsaki, ya ninka da 15,000 ko 20,000 gwargwadon madubinsa, sai ya sami ƙiyasin da ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Amfanin ido ya wuce ƙirga. Da shi ake rarrabe iri-iri: matsakaita na yau da kullum, manya, da ƙattai waɗanda girmansu ya kai na jar ƙwaya ko ya fi, da ƙanana ainun, da koɗaɗɗu masu launin toka da suka rasa tsabarsu. Da shi ake ganin waɗanda suka cure, da waɗanda suka kewaye farar ƙwaya kamar kaji sun sami tsaba. A gilashin nan guda kuma ake ganin ƙwayar maleriya, da jajayen ƙwayoyi masu lanƙwasar lauje na amosanin jini, da waɗanda suka farfashe, da baƙin fararen ƙwayoyi na sankara. Aikin minti 20 ne, kuɗin kayansa kuma bai taka kara ya karya ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga da hannu. Ana gauraya jini kashi ɗaya da ruwan wani sinadari kashi 19, wanda ke narkar da jajayen ƙwayoyi ya bar na tsai da jini. Sai a zuba a wani gilashi mai zanen murabba'ai da ake kira Neubauer, a bar shi minti 20 a wuri mai danshi su kwanta, sannan a ƙirga ɗaya bayan ɗaya a yi lissafi. Brecher da Cronkite ne suka daidaita wannan hanya a 1950. Tana cin lokaci, tana gajiyar da ido, ƙura ma kan rikita ta, amma wuta kaɗan take buƙata, kuma ta yi wa asibitocin karkara hidima shekaru da dama.

Inji da makantarsa

A 1953 wani injiniya Ba'amurke, Wallace Coulter, ya sami lasisin mallakar dabarar da mafi yawan injinan ƙirga jini ke aiki da ita har yau. Ana tsinka jinin a ruwan gishiri, a tura shi ta wata 'yar huda da lantarki ke ratsawa. Duk ƙwayar da ta gifta sai ta tare lantarkin kaɗan, injin ya rubuta ɗaya, girman tarewar kuma ya nuna masa girman ƙwayar. Abin da ya faɗa tsakanin femtolita 2 zuwa wajen 20 sai ya ce ƙwayar tsai da jini ce, wanda ya fi haka ya jefa shi cikin jajaye ko farare. A minti guda ya gama abin da mutum zai yi a rabin awa, kuma ƙirgarsa ta fi ta mutum daidaito in jinin ba shi da wata matsala. Ba ni da ja a kan wannan ni'ima.

Sai dai mai karatu ya kwatanta makiyayin da ke ƙirga dabbobi a ƙofar garke cikin duhun dare, yana shafa tsayinsu kawai. Ƙaton ɗan rago zai ƙirga shi cikin manya, tsohuwar akuya 'yar ƙarama ta shiga cikin 'ya'ya, in kuma 'yan raguna biyar suka matso a manne zai ce saniya ce guda. Haka injin yake. Ƙattan ƙwayoyin tsai da jini yakan ƙirga su cikin jajaye, lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Jajayen ƙwayoyi da suka tsuke saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe, abin da ya yi katutu a matanmu da yaranmu, ko waɗanda suka farfashe, yakan ƙirga su cikin na tsai da jini, lambar ta fito sama da gaskiya, a sallami mara lafiya da murna alhali yana bakin haɗari. Curarrun kuwa ko dai ya tsallake su ko ya lissafa su cikin farare.

Curewar nan tana da dalilai biyu. Na farko, kuma shi ya fi yawa, sakaci ne wurin ɗibar jini: an daɗe ana laluben jijiya, ko jinin ya jima a sirinji, ko ba a jujjuya kwalbar nan take ba, sai ƙananan gudaje su fito su haɗiye ƙwayoyin. Na biyu shi ne sinadarin EDTA da ke cikin kwalba mai murfi shunayya don hana jini daskarewa. A wajen mutum ɗaya cikin 1,000, wannan sinadari kan sa wasu garkuwoyin jikinsa su manna ƙwayoyin da juna. A cikin kwalba kaɗai abin ke faruwa, jikin mutumin lafiyarsa ƙalau. Maganinsa shi ne a sake ɗiba a kwalba mai shuɗin murfi, wadda sinadarinta daban ne, a ƙirga da wuri, a ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan lambar saboda ruwan da ke cikin kwalbar. Ƙa'idar aikin gwaji ta duniya a bayyane take: lambar da ta faɗi ƙasa ba zato, ko wadda inji ya sa wa alama, ba a miƙa ta ga mara lafiya sai an duba gilashi. Tauraron nan da ke takardar 'yar yayana, roƙo ne injin yake yi a zo a duba, ba a sami mai amsa masa ba.

Yaro da tsoho a cikin jini

In an tabbatar lambar ta sauka da gaske, tambaya ta gaba ita ce: ɓargo ne ya gaza ƙerawa, ko ana ƙerawa wani abu na cinyewa? A nan ne sanin iri-irin ƙwayoyin ke da amfani. Sababbin da suka fito daga ɓargo sun fi tsofaffi girma da kuzari. A takardar inji akwai layin MPV, wato tsaka-tsakin girmansu, wanda yawanci yake tsakanin 7 da 12. Lamba ƙasa, girma sama, alama ce cewa ɓargo na aiki tuƙuru, ɓarnar a waje take, kamar yadda ake gani a maleriya ko a cutar da garkuwar jiki ke far wa ƙwayoyin. Lamba ƙasa, girma bai ƙaru ba, ga jajaye da farare su ma sun sauka, sai hankalin likita ya koma kan ɓargo. Manyan injinan zamani ma suna rina sauran sinadarin RNA da ke cikin sababbin ƙwayoyi, su faɗi kashi nawa ne 'yan yau cikin ɗari.

Ga mu mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, babban mai cinye waɗannan ƙwayoyi shi ne zazzaɓin cizon sauro, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma galibin masu zazzaɓin lambarsu kan sauka. Farfesa Etim Essien na Jami'ar Ibadan ya shafe shekaru tun daga 1970 da 'yan kai yana nazarin wannan alaƙa, da kuma yawan ƙwayoyin a jinin 'yan Nijeriya masu lafiya, wanda aka lura yakan ɗan gaza na Turawa. Abin kwantar da hankali shi ne, in an kashe ƙwayar maleriyar, lambar kan dawo da kanta cikin mako guda ko biyu, ba kasafai ake buƙatar ƙarin jini saboda ita ba. Abin tsoro kuwa shi ne mu riƙa ɗora wa maleriya da taifot kowane laifi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana taɓa yawan ƙwayoyin da ingancinsu. Zazzaɓin dengi, wanda hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023, alamarsa ta gwaji ita ce faɗuwar wannan lamba. Yaron da aka yi wa maganin maleriya sau uku, yana ta haɓo, yana ta koɗewa, haƙƙinsa ne a yi masa cikakken awo a kuma duba gilashi, domin sankarar jini ta yara da haka take sallama.

Lamba daidai, jini na zuba

Akwai kuma waɗanda ƙirga ba za ta taɓa gano ciwonsu ba. A 1918 wani likitan yara ɗan Suwizalan, Eduard Glanzmann, ya bayyana yara masu yawan zubar jini alhali ƙwayoyinsu cike suke, siffarsu kuma daidai. Abin da suka rasa shi ne maƙalar da ke haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta. A 1948 Jean Bernard da Jean-Pierre Soulier a Faransa suka bayyana wani nau'in, mai ƙattan ƙwayoyi da ba sa iya kama bangon jijiya. Duka biyun gado ne, sai ɗa ya karɓa daga uwa da uba, kamar amosanin jini, shi ya sa aka fi ganinsu a al'ummomin da auren zumunci ya yawaita. Cututtuka ne da ba su da yawa, kuma ba ina kushe auren gida ba ne. Ina cewa ne gidan da aka san jinin kaciya ko na cire beli ya taɓa ƙin tsayawa, ko 'yan matansa na galabaita da jinin al'ada tun farkon balaga, to kada wanzami ya sa aska sai an ga likitan jini.

Gano irin waɗannan aikin manyan cibiyoyi ne. A 1962 Gustav Born ya fito da wata na'ura a Ingila: a raba ruwan jini mai ɗauke da ƙwayoyin, wanda yake da gurɓi-gurɓi, a haska fitila ta cikinsa, a ɗiga sinadarin da ke tunzura su. In lafiyayyu ne sai su cure, ruwan ya washe, haske ya wuce. Daga sinadarin da suka amsa wa da wanda suka ƙi ake gane irin ciwon. Dole a yi gwajin cikin awa 4 da ɗibar jini, don haka mara lafiyan ne zai yi tafiya, ba a aika kwalba a mota. Sama da wannan akwai na'urar da ke jera ƙwayoyi ɗaya-ɗaya a gaban hasken leza bayan an liƙa musu alamomi masu ƙyalli da ke kama sunadaran fatarsu, irin su CD41 da CD61 da CD42b. Wanda ya rasa na farko da na biyu ciwon Glanzmann ne, wanda ya rasa na uku na Bernard da Soulier ne. Wannan hanya ce masana na duniya suka amince da ita a 2001 a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran injina da shi.

Amma abin da ya fi raunana ƙwayoyin lafiyayyun mutane yana nan a kemis ɗin unguwa. Ƙwayar asfirin guda tana kashe kuzarinsu har ƙarshen rayuwarsu, wato kusan mako guda, ibufurofen da danginsa ma suna yi na ɗan lokaci. Mai zazzaɓi da haɓo, ko mai shirin tiyata, ya gaya wa likita duk abin da ya sha, har da haɗin da ake ƙullawa a leda.

Kada kuma a ɗauka duk jinin da ya ƙi tsayawa laifin waɗannan ƙwayoyi ne. Dafin kububuwa sinadaran saƙa zaren nan yake cinyewa, kuma gwajinsa a ƙasarmu aka kafa shi, ta hannun David Warrell da abokan aikinsa lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970: a zuba jini mililita 2 a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20, a karkata. In ya kwarara kamar ruwa, a nemi maganin dafi. Babu inji, babu lantarki, ga shi duniya na amfani da shi har yau.

Inda lambar ke raba rai da mutuwa

Mu koma ɗakin haihuwa, inda labarinmu ya faro. Kusan mace 5 zuwa 10 cikin 100 lambarsu kan ɗan sauka a ƙarshen ciki ba tare da wata illa ba. Amma mai hawan jinin ciki, wadda ke kan hanyar jijjiga, in lambarta ta gaza 100,000 tare da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to hanta ta fara taɓuwa, kuma raba ta da cikin cikin gaggawa shi ne ceto. Likitoci ba sa son yanka in lambar ta gaza 50,000, ba sa son allurar kashe ƙugu ta gadon baya in ta gaza wajen 70,000, ƙasa da 10,000 kuwa jini na iya ɓallewa da kansa, har a cikin kai. Ke nan lambar ƙarya mai nuna ƙasa za ta jinkirta aikin da ya wajaba, ta sa a ƙara jinin da ba a buƙata. Mai nuna sama kuwa za ta sa a yanka wadda jininta ba zai tsaya ba.

In ma an tabbatar ana buƙatar ƙarin ƙwayoyin, samunsu wani dutse ne. Jakar jajayen ƙwayoyi tana yin kwana 35 a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6. Jakar ƙwayoyin tsai da jini kuwa a digiri 20 zuwa 24 ake ajiye ta, ana girgiza ta dare da rana, kuma kwana 5 ne wa'adinta. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga wutar da muka sani, sai babbar cibiya ce za ta iya. Saboda haka asibitocin karkara ke dogara da sabon jinin da aka ɗiba nan take daga ɗan'uwa. Wannan ma wani dalili ne na a tabbatar da lamba kafin a tayar da dangi neman jini.

Abin da nake roƙo

Ga gwamnatin Jigawa da shugabannin ƙananan hukumominmu: sayen injin ƙirga jini abin yabo ne, kuma yana da kyau a hoto ranar buɗewa. Amma duk inda aka ajiye inji, a ajiye kusa da shi madubi mai kyau, da rini da bai lalace ba, da gilasai, da kwalabe masu shuɗin murfi, da wutar sola, da ma'aikacin da aka horar aka kuma ba shi lokacin dubawa. A sa kuɗin jinin gwada inji, wanda ake tabbatar da saitinsa da shi kowace safiya, a cikin kasafi, domin injin da ba a gwadawa kamar mudun da aka bubbuge gindinsa ne.

Ga Majalisar Kula da Aikin Gwaje-gwajen Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2003 ta ɗora wa rajista da sa ido kan ɗakunan gwaji: ƙauyuka da garuruwan kan iyaka ma Nijeriya ne, a riƙa leƙo su. Babura tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, 'yan'uwanmu na ƙasar Magarya suna shigowa neman lafiya, amanarsu ma tana wuyanmu.

Ga makarantunmu: Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da makarantar jinya da ungozoma ta garin, da kwalejin fasahar lafiya ta Jahun, da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure. A cikinsu ya kamata a sami masu gyara waɗannan injina da masu haɗa musu wuta, da ungozomar da za ta ga lamba ta tambayi ko an duba gilashi. Masanan jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni da ke Dutse kuwa, yau hoton gilashi da aka ɗauka da waya ta bakin madubi yana isa gare su cikin daƙiƙa, in an tsara wanda zai aika da wanda zai amsa. Da an yi haka, da tumakin surukinmu suna nan a turke.

Ga mai karatu kuma: in an ba ka takarda ka ga PLT ta faɗi, kada ka nemi fatawa a waya, kada kuma ka jefa takardar a aljihu. Ka koma wurin likitan da ya aike ka, ka yi tambaya uku cikin ladabi: an duba a madubi? Akwai curewa? Ya kamata a sake ɗiba? In kuwa akwai haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari ko bayan gida, ko ɗigo-ɗigo ja a fata, ko matsanancin ciwon kai, to ba a jiran sake awo, asibiti ake nufa a daren.

Dattijon nan na Kano ban san sunansa ba, yarinyar ma ba ta tambaya ba. Allah Ya saka masa da alheri, Ya yawaita mana irinsa a asibitocinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan batun da muka ajiye.